WA YA CE AIKIN ƊAKIN GWAJI ƘASƘANCI NE?

Duk shekara idan jami'o'i suka fara sakin sunayen waɗanda suka ɗauka, akwai wani abin takaici da ke maimaita kansa a majalisun samari, tun daga Kano har Sakkwato. Yaro ya raba dare yana karatu da fitilar waya, burinsa ya zama likita, makinsa bai kai ba, sai jami'a ta ba shi gurbi a fannin kimiyyar ɗakin gwaje-gwajen asibiti. Maimakon a yi masa barka sai a shiga yi masa jaje kamar wanda aka yi wa rasuwa. Abokai su ce, "Haba malam, shekara biyar cur, ka ƙare a mai duba kashin mutane?" Mahaifi ya ce, "Ka haƙura ka sake zama baɗi, ni likita nake so a gidana." Yaro ya ce, "To Baba," ya ajiye takarda. Ya sake zama baɗi, ya sake zama baɗin baɗaɗa, ƙarshe dai babu likitan, babu mai gwajin, sai ga shi a bakin titi yana cajin waya.

Masu wannan magana suna buƙatar amsa, kuma amsar ba za ta yi musu daɗi ba. Jahilci ne ke magana da bakinsu, kuma irin jahilcin nan ne da ke cika maƙabartu. Domin aikin da suke yi wa dariya, wato sanin ƙwayoyin cuta da hana su yaɗuwa a cikin asibiti, shi ne ginshiƙin da sauran aikin likitanci ya jingina a kansa. Inda babu shi, likita komai girman takardunsa laluben duhu yake yi.

MAGANI BA GWAJI, HARBI A DUHU

Mai karatu ya tuna abin da ke faruwa a unguwarsu. Yaro ya kwana uku da zazzaɓi, a kai shi kemis. Mai kemis ya taɓa goshinsa ya yanke hukunci nan take: "Maleriya ce da taifot." A ɗaura ƙarin ruwa a kan benci, a ɗirka allura, a ƙirgo kafso na kwana biyu gwargwadon kuɗin da ke aljihun uban. In an ci sa'a yaro ya tashi, in ba a ci ba a koma wani kemis, shi ma ya canko wani magani. Sai jiki ya saki, ido ya kafe, sannan a kwashe shi a guje zuwa asibiti.

Ko waɗanda suka ce sun yi gwaji, galibi gwajin Widal aka yi musu, gwajin da aka ƙirƙiro tun 1896, wanda masana suka daɗe da bayyana cewa ba abin dogaro ba ne a ƙasar da taifot ya zama ruwan dare, saboda yakan nuna alamar cuta a jinin wanda ya taɓa yin ta tuntuni, ko ma wanda zazzaɓin sauro ne kawai ke damunsa. Da wannan takarda ake ɗora wa dubban bayin Allah maganin da ba su buƙata, ita kuwa ainihin cutar tana can tana cin jiki.

To yaya aikin yake idan an yi shi a kan ƙa'ida? Masanin ƙwayoyin cuta zai karɓi jini, ko fitsari, ko majina, ko mugunyar miki, ko ruwan laka da likita ya zuƙo daga bayan mara lafiya. Zai shafa ɗan kaɗan a kan gilashi ya rina shi da rinin da wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da shi a 1884. Wasu ƙwayoyin su riƙe launin shunayya, wasu su koma ja-ja, kuma wannan bambanci kaɗai ya isa ya nuna wa likita ɓangaren da zai fara nema wa magani, cikin ƙasa da awa guda. Sauran samfurin kuma zai shuka shi a faranti mai ɗauke da abincin da ƙwayoyin ke so, wani har da jinin tunkiya a ciki, ya sa a akwatin ɗumi mai zafin jikin ɗan Adam, wajen digiri 37. Bayan awa 24 zuwa 48 ƙwayar ta tsiro, ido na ganin ta. Ya gane sunanta. Sannan ya sake shimfiɗa ta a wani faranti, ya jera mata 'yan ƙananan takardu, kowace da irin maganin da aka jiƙa ta da shi. Washegari ya duba. Maganin da ke kashe ta zai share fili kewaye da takardarsa, wanda ta raina kuwa za ta tsiro har gindinsa. Ya auna faɗin filin da ma'auni, ya rubuta wa likita: wannan zai yi, wancan ɓarnar kuɗi ne.

Wannan shi ne abin da jahili ke kira duba kashi. Ina wanda ya fi wannan mutum daraja a ranar da ɗan mutum ke kwance rai a hannun Allah?

RANAR DA MAGANI ZAI DAINA CI

Wani zai ce ai ko ba gwaji ana warkewa. Gaskiya ne, ana warkewa, amma akwai bashin da ake ci, kuma ranar biya ta riga ta zo. Ƙwayar cuta halitta ce mai rai. Idan aka sha magani rabi da rabi, ko aka sha wanda bai dace ba, raunanan cikinsu su mutu, masu taurin kai su tsira, su hayayyafa, har su miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan taurin kai. Shi kansa Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun 1945 lokacin da aka ba shi kyautar Nobel. Ba a ji ba.

Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma yankin da ya fi kowane yanki a duniya yawan mace-macen, in an kwatanta da yawan jama'arsa, shi ne Afirka ta Yamma. Wato nan, ba wata uwa duniya ba. A lardin Sindh na Pakistan kuwa, tun 2016 aka sami wani irin taifot da ya bijire wa kusan duk magungunan da aka saba ba masu shi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an san abin da ake yi wa nasa. Amma wa zai sanar da jama'a cewa irin wannan ƙwaya ta shigo gari, in babu mai shuka ta a faranti ya gwada ta? Mai kemis? Ko mai tallar magani a tasha da lasifika?

ASIBITIN DA KE RABA CUTA

Ɓangare na biyu na wannan ilimi shi ne hana asibiti zama matattarar cuta. Sau nawa aka kai mace haihuwa lafiya lau, aka yi mata tiyata aka ciro jariri, bayan kwana biyar ɗinki ya ruɓe, zazzaɓi ya rufe ta, aka dawo da gawa? Sau nawa jariri ya shiga ɗakin jarirai don shawara, ya fito da cutar jini? A ce kwana ne ya ƙare. Lallai kwana ya ƙare, babu mai ja da wannan. Amma almakashin da ba a dafa ba, da hannun da ba a wanke ba, da robar fitsarin da aka bari a jikin mara lafiya har ta wuce kwanakinta, su ma akwai mai amsa tambaya a kansu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, cikin kowane mutum 100 da aka kwantar a asibiti, 15 za su kamu da wata sabuwar cuta a nan cikin asibitin, a ƙasashe masu arziki kuwa 7. Kuma cikin goma da suka kamu, ɗaya zai mutu da ita. A wannan shekarar dai, hukumar tare da UNICEF suka ce rabin wuraren kiwon lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin wanke hannu. Jama'a, sabulu da ruwa fa ake magana!

Labarin ya daɗe. A 1847, a babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya lura cewa masu jego sun fi mutuwa da zazzaɓi a ɗakin da likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, fiye da ɗakin da ungozomomi ke karɓa. Ya bi diddigi ya gano cewa likitocin daga ɗakin feɗe gawa suke fitowa su zarce kan masu naƙuda. Ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kulorin. A watan Afrilu na shekarar, wajen mace 18 cikin 100 ke mutuwa a ɗakin. Watanni kaɗan bayan dokar wanke hannu abin ya sauko wajen 2 cikin 100. Me ya samu? Manyan likitocin zamaninsa suka ji haushi wai ya ce hannunsu da ƙazanta, suka yi watsi da maganarsa, ya mutu a gidan masu taɓin hankali a 1865. Girman kai ya fi son mata su ci gaba da mutuwa da a ce masa ya wanke hannu. Irin wannan girman kai ne, a wata riga, ke sa saurayi raina ɗakin gwaji.

Jami'in hana yaɗuwar cuta shi ne magajin Semmelweis a asibiti. Shi ke tabbatar da an dafa kayan tiyata a tukunyar tururi mai zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, kuma ya gwada tukunyar ya ga da gaske ta kai zafin. Shi ke koya wa ma'aikata, tun daga babban likita har mai shara, lokutan wanke hannu: kafin a taɓa mara lafiya, kafin a yi masa allura ko wankin miki, bayan an taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan an taɓa shi, da bayan an taɓa gadonsa da kayansa. Shi ke ƙirga ɗinki nawa ya ruɓe a wata, in ya ga adadin ya hau ya bi sawu har ya gano tushen. Shi ke ware mai tarin fuka daga mai karaya, ya hana a jefa allurar da aka yi aiki da ita a kwandon shara inda yara masu tsince-tsince za su tsinta. Aikinsa idan ya yi kyau ba a gani, domin ba a yin shelar annobar da ba ta auku ba.

LASSA, LEGAS, KANO

Wanda bai gamsu ba ya dubi tarihin ƙasar nan. A Janairun 1969 wata nas Ba'amurkiya, Laura Wine, ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a garin Lassa, wanda yanzu yake cikin Jihar Borno. Aka kai ta asibitin mishan a Jos ta mutu. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ta kamu ita ma ta mutu. Ta uku, Penny Pinneo, aka ɗauke ta a jirgi zuwa Amurka ta tsira, kuma a can, a Jami'ar Yale, aka gano ƙwayar aka raɗa mata sunan garin. A 1970 likitar asibitin, Jeanette Troup, ta yanke a hannu tana binciken gawa, ita ma ta bi su. Mai karatu ya lura da abu biyu. Na farko, waɗanda cutar ta fara kayarwa ma'aikatan asibiti ne, a cikin asibiti suka ɗauka. Na biyu, cutar da ɓeran gidan talakan Borno ke yaɗawa sai da aka tsallaka teku da jini kafin a san sunanta.

Shekara hamsin da ɗaya bayan haka, a Janairun 2020, zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Kano bayan an yi wa wata mai ciki tiyata ba a san tana ɗauke da cutar ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Cutar nan a farkonta kamar maleriya take, zazzaɓi da ciwon jiki da ciwon maƙogwaro, babu mai gane ta da ido. Gwajin jini ne kaɗai ke raba gardama, kuma safar hannu da takunkumi da killace mara lafiya ne ke tsare mai jinya kafin sakamako ya fito.

A kwatanta da abin da ya faru a Legas. Ran 20 ga Yulin 2014 wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya da cutar Ebola a jikinsa. Likitar da ta duba shi, Ameyo Stella Adadevoh, ta yi zargin cutar, ta hana shi fita duk da matsin da aka yi mata. Ɗakin gwaji na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya tabbatar da zargin nan cikin gida. Aka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi cuɗanya da masu cutar, ana auna zafin jikinsu kullum. Cutar da ta kashe mutum fiye da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, a Nijeriya mutum 20 ta kama, 8 suka mutu, cikinsu har da ita likitar. Ran 20 ga Oktoban 2014 aka ayyana ƙasar ta rabu da Ebola. Da me aka ci wannan yaƙi? Da mutanen da suka san ƙwayar, suka san ta inda take bi, suka toshe hanyar. Da a ce cankar mai kemis aka bi, a birni mai cunkoso irin Legas, Allah kaɗai Ya san inda za a tsaya.

DARASIN SANƘARAU

Mutanen Kano ba za su manta 1996 ba. A shekarar sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, yawancinsu a Arewa. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, ya gwada sabon maganinsa Trovan a binciken da ya ƙunshi yara wajen 200. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta kashe su. Amma daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya, kuma a 2009 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 75 don sasantawa da Jihar Kano. Al'ummar da ba ta da isassun masananta, masu iya karanta takardar bincike su ce a'a, haka za a riƙa shigo mata gida a lokacin da ta fi rauni. Zagin Bature a majalisa bai taɓa hana wannan ba. Ilimi ne ke hanawa.

Sanƙarau ma ba iri ɗaya ba ne. An yi rigakafin nau'in A a Arewa daga 2011, ya ja baya ƙwarai. Sai nau'in C ya ɓullo, ya yi ɓarna a Nijar a 2015, sannan a 2017 ya afka wa Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu, ya kashe mutum fiye da 1,100. Rigakafin A ba ya tare C. Wa ke faɗin ko wane nau'i ne ya shigo, don a san allurar da za a nemo? Mai duba ruwan laka. Duk kwanan da samfur ya yi a hanya yana neman ɗakin gwajin da ke aiki, kaburbura ne ake ƙarawa. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai tare nau'i biyar, amma ko ita sai da mai sa ido a ɗakin gwaji za a san tana ci ko ba ta ci. Haka mashaƙo da ya addabi Kano daga ƙarshen 2022, yara suna mutuwa ana cewa ciwon wuya ne, sai da gwaji ya kira shi da sunansa.

RABON MAHUKUNTA A LAIFIN

Kada a bar jaki a riƙa dukan taiki. Saurayin da ya raina aikin nan ya ga yadda mahukunta suka raina shi ne. A 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayyar Nijeriya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Za a gina wa asibiti ƙatuwar ƙofa, a shafe ta da fenti, a zo da makaɗa da 'yan jarida a yanke kyalle, amma a leƙa ɗakin gwaji a ga akwatin ɗumi ya mutu saboda babu wuta, sinadarin rini ya ƙare, famfo ya bushe, ma'aikaci na sayen ruwa wajen mai garuwa. Me zai dame su? In kansu ya sara jirgi za su hau zuwa Landan ko Dubai, inda babu likitan da zai rubuta musu irin waɗannan magunguna a cutar da ta yi tsanani ba tare da ya aika samfur ɗakin gwaji ba. Sun san darajar abin sarai. Talaka ne ba su ga ya cancanta ba.

Su ma ma'aikatan lafiya da nasu rabon. Shekara da shekaru ana jan zare tsakanin likitoci da masana ɗakin gwaji kan wa zai shugabanci wa, yajin aiki na bin yajin aiki, mara lafiya na kwance a baranda. Ita ƙwayar cuta ba ta san muƙami ba.

Amma lalacewar gida ba hujjar gudu ba ce. Ba za a tilasta wa gwamna ya sayi abin da babu wanda ya san amfaninsa ba. Sai an sami 'ya'yan talakawa a cikin ɗakunan, waɗanda suka san abin da ya ɓace, suka san adadin waɗanda suka mutu saboda ɓatansa, sannan maganar za ta yi nauyi.

UZURORIN DA BA SU KARƁUWA

Wai aikin najasa ne. To uwar da ta wanke kashin mai wannan magana shekara biyu, ƙasƙantacciya ce? Ma'aikaci da safar hannu yake aiki, in ya gama ya wanke hannu, ruwa kuwa yana tsarkakewa, wannan ɗan aji ɗaya na Islamiyya ya san shi. Malamai ma ba su bar wannan fage ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, har ya koka da yadda mutanen zamaninsa suka yi cincirindo a fannin da ya riga ya cika, suka bar garuruwa babu likita Musulmi a cikinsu. Farillar kifaya kuwa an san hukuncinta: in wasu suka ɗauka ta faɗi a kan saura, in kowa ya ƙi kowa ya ɗauki laifi. Garin da ke da masu digiri ɗari, babu mai iya gane ƙwayar sanƙarau ko ɗaya, mutanensa su yi wa kansu hisabi.

Wai akwai haɗari. Akwai, babu mai ɓoyewa, an ambaci waɗanda suka mutu a sama. Amma wanda ya san ƙwayar shi ya fi kowa sanin yadda zai kare kansa, kuma samarin da ke hawa babur uku-uku ba hular kwano ba su ne za su koya wa kowa tsoron haɗari ba.

Wai babu kuɗi. Ba a yi wa kowa alkawarin zai gina bene ba. Amma sana'a ce mai lasisi, wadda ake nema a asibitocin gwamnati da masu zaman kansu, da shirye-shiryen yaƙi da tarin fuka, da bankunan jini, da cibiyoyin bincike. Har ƙasashen waje zawarcin masu ita suke yi, wanda shi ma wani ciwon ne, domin kowane ɗaya da ya tafi gurbi ne ya bari.

GA HANYA GA MAI SO

Ƙofar farko tun daga sakandare take: kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fizis. Daga nan hanyoyi sun rabu.

Mai son zama masanin ɗakin gwaji zai nemi digirin kimiyyar ɗakin gwaje-gwajen asibiti, shekara biyar, kamar wanda ake yi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Bayero ta Kano. Bayan ya gama zai yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, ya karɓi lasisi daga hukumar da ke kula da wannan sana'a, MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa, sannan ya iya zurfafawa a ɓangaren ƙwayoyin cuta. A nan akwai ramin da da yawa suka faɗa: digirin maikurobayoloji na tsangayar kimiyya, mai shekara huɗu, ilimi ne mai amfani a bincike da masana'antar abinci da magunguna da ruwa, amma shi kaɗai ba ya ba mutum lasisin gwada samfurin marasa lafiya a asibiti. Saurayi ya san wanda yake cikewa a fom tun kafin ya cike.

Wanda hali bai kai shi jami'a ba, makarantun koyon aikin lafiya na jihohi suna horar da mataimakan ɗakin gwaji. Sai dai ya tabbatar hukumar ta amince da kwas ɗin makarantar kafin ya biya ko sisi, domin makarantun bogi sun yi yawa, suna cinye kuɗin iyaye su ba yaro takardar da ba ta da amfani.

Wanda kuma Allah Ya ba gurbin likitanci, ya sani bayan ya gama akwai ƙwarewa ta musamman a fannin ƙwayoyin cuta, wadda ake yi a asibitocin koyarwa ƙarƙashin kwalejojin horar da ƙwararrun likitoci na ƙasa da na Afirka ta Yamma. Irin wannan likita ne ke zama da sauran likitoci ya ce a ba da wannan magani, a dakatar da wancan. Nas shi ma yana iya ƙwarewa ya zama jami'in hana yaɗuwar cuta, kuma a asibitoci da yawa nas ne ke riƙe da wannan aiki. A sama kuma akwai hukumar NCDC, wadda ta sami dokarta a 2018, da babban ɗakin gwajinta na ƙasa a Gaduwa, Abuja, da asibitin Irrua a Jihar Edo da ya yi suna a kan Lassa. Duk waɗannan wurare mutane ne ke aiki a cikinsu, ba aljanu ba, kuma babu dokar da ta hana ɗan Kurna ko ɗan Tudun Wada zama a kujerun.

Sharaɗi ɗaya ne ba a koyar da shi a aji, shi ne amana. Takardar sakamako shaida ce. Ma'aikacin da ya zubar da samfur a kwata ya rubuta abin da ya ga dama don ya tashi da wuri, ko ya rubuta taifot don mai asibiti ya sayar da allura, shaidar zur ya yi a kan ran mutum, kuma mai kemis mai canka ya fi shi sauƙin laifi, domin shi bai ce ya duba ba. Aikin nan yana neman saurayin da zai tsaya kan madubi shi kaɗai, babu mai ganinsa sai Allah, ya duba har sai ya tabbatar.

Saboda haka ɗan'uwan da takardar gurbin nan ke hannunsa kada ya saurari 'yan majalisa, ya je ya yi rajista. Mahaifin da ya ce sai likita ko a fasa, ya sake shawara. Wanda ya wuce shekarun karatu kuma ya dubi ƙanensa da ke aji huɗu na sakandare, ya saya masa littafin Bayoloji, ya kuma daina kai iyalinsa inda ake ba da magani da canka. Masu dariya kuwa a bar su. Ranar da zazzaɓi ya ƙi jin allura a gidansu, da ƙafarsu za su zo bakin tagar ɗakin gwaji, da 'yar kwalba a hannu, suna tambaya ko sakamako ya fito.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin wannan aiki, Ya sa a gane. Wassalam.